Tana da Gara: Halittun da Ke Raya Gonakinmu

 Manoma da ke bakin gona, makiyaya da ke ruga, iyayenmu mata da ke aikin gida da rediyo a gefe, ina gaishe ku baki ɗaya.

Akwai maganar da ta zama ruwan dare a bakin manomanmu, daga Funtuwa har Maraɗi, daga Gombe har Damagaram. Ka tambayi dattijo labarin gona, sai ya girgiza kai ya ce, "Ƙasa ta gaji." Wani ma cewa zai yi ta mutu. Gonar da a zamanin mahaifinsa ake ɗaure dawa har rumbu ya kasa ɗauka, yau sai an zuba mata buhun kamfa da na yuriya kafin ta ba da abin kai wa baka, baɗi kuma ta nemi fiye da na bana. Manomi ba ya yi wa gonarsa ƙarya, abin da ya gani ya faɗa. Dalilin wannan gajiya nake so mu tsaya a kai yau. Kaso mai tsoka na ƙarfin ƙasa aikin wasu ƙananan halittu ne da ke zaune a cikinta: tana, da gara, da tururuwa, da buzuzu, da ƙadandoniya, da wasu dubbai da ido ba ya gani. Su ne 'yan ƙwadagon da ke kaftu a ƙarƙashin ƙafafunmu dare da rana. Ba sa karɓar ko sisin kwabo, ladansu abinci ne da inuwa da laima. Mu kuwa, da irin noman da muke yi yanzu, mun hana su duka ukun.

Yawan waɗannan halittu ya wuce yadda muke zato. A shekarar 2023 wasu masana a ƙasar Suwizalan sun yi lissafi, suka ce kimanin kashi 59 cikin 100 na dukkan nau'o'in halittun duniya a cikin ƙasa suke rayuwa. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta ce cokali ɗaya na lafiyayyiyar ƙasa ya ƙunshi ƙananan halittu da suka fi mutanen duniya yawa. Ita dai hukumar ta bayyana a 2015 cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙasar duniya ya lalace, wani matsakaici, wani sosai. Kuma kusan duk abin da muke ci daga wannan ƙasa yake fitowa.

Mu fara da tana, wadda yaranmu ke tonowa a bakin rafi su soka a ƙugiya. Ba ta da ido, ba ta da huhu. Ta fatarta take numfashi, shi ya sa dole jikinta ya zauna da danshi. In ya bushe, ta mutu. Abincinta ruɓaɓɓen ganye ne, da matacciyar saiwa, da kashin dabbobi. Takan haɗiye su tare da ƙasa, ta niƙa a cikinta, ta fitar. Wanda ya taɓa fita fadama da sassafe bayan an kwana ana ruwa ya san abin da nake nufi. Zai ga ƙananan curi-curi na baƙar ƙasa a tsaye tsakanin ciyawa, wasu a murɗe, masu sheƙi saboda laima. In ya ɗauki ɗaya ya murza a yatsa, zai ji laushi, babu tsakuwa ko ɗaya. In ya duba gurbin da ya ɗauke shi, zai ga ɗan rami ya nufi ƙasa. Wannan shi ne kashin tana, kuma gwaje-gwaje da dama sun nuna ya fi ƙasar da ke kewaye da shi yawan abincin da shuka za ta iya sha nan take, musamman naitirojin da fosfaras da fotashiyam, wato abubuwa ukun da muke biyan kuɗi mu saya a buhun kamfa. Ramin kuma hanya ce: ruwan sama ya bi ta nan ya shiga ƙasa maimakon ya gudu, iska ta shiga, saiwar masara ta bi ta sauka ba da wahala ba.

Masanin halittu ɗan Ingila, Charles Darwin, ya yi fiye da shekara 40 yana lura da tana, kuma littafinsa na ƙarshe, wanda ya fito a 1881, shekara ɗaya kafin mutuwarsa, a kanta ya rubuta shi. Ya auna ya gano cewa a wurare da yawa a Ingila, ƙasar da ke ratsa cikin tana ta fito sama a kowace eka ta fi tan 10 a shekara. Masana na baya sun ɗora a kan aikinsa. A 2014 an tattara sakamakon gwaje-gwaje daga sassan duniya, aka ga cewa a matsakaici, inda akwai tana amfanin gona kan ƙaru da kashi 25 cikin 100, kuma ƙarin ya fi fitowa a gonakin da ake barin ragowar shuka. A 2023 kuma masana daga Jami'ar Jihar Kolorado a Amurka suka ƙiyasta cewa tana na da hannu a kashi 6 da rabi cikin 100 na hatsin duniya. In aka haɗa da wake da danginsa, abin ya haura tan miliyan 140 a shekara. A ƙasashen Afirka kudu da Sahara, inda manomi ba ya samun isasshen takin zamani, rabon ya kai kashi 10 cikin 100. Buhu ɗaya cikin goma ke nan.

To amma a ina take zama a ƙasarmu? A nan dole mu faɗi gaskiyar yanayinmu. Abu huɗu ke riƙe tana a wuri: laima, da sanyin ƙasa, da abinci, da ƙasar da ba ta yi tsami ba. Shi ya sa za ka same ta a fadama, da lambu, da gindin itace, da gefen juji, da bayan gida inda ruwan wanke-wanke ke kwanciya. Da rani takan sauka can ƙasa ta naɗe jikinta ta yi lamo har ruwa ya sauka, wasu kuma su mutu su bar ƙwai da za su ƙyanƙyashe da damina. A jigawa kuwa, inda rairayi ya yi yawa, ruwa ba ya daɗewa, kuma zafin bazara kan haura digiri 50 a saman ƙasar da ba ta da rufi, ba ta da yawa ko da can. Idan ka bar yankin Zariya ka nausa arewa zuwa Daura da Magarya da Tanut, sai ta yi ta raguwa. A can wata halitta ce ke ɗaukar nauyin aikin, kuma ita ce wadda muka fi tsana: gara.

Na san abin da ke ran mai sauraro. Gara ta ci masa azara, ta ci masa rumbu, ta huda masa gyaɗa, ta kayar masa da masara. Duk gaskiya ne. Sai dai nau'o'inta suna da yawa, kuma kaɗan ne daga cikinsu ke taɓa ɗanyar shuka. Mafi yawa busasshen abu suke nema. A shekarun 1990 wani masani ɗan Burkina Faso, Abdoulaye Mando, ya yi gwaji a arewacin ƙasarsu, a kan irin fakon nan da ya daskare, wanda ruwa ke zamewa a kansa ko ciyawa ba ta fita. Ya shimfiɗa busasshiyar ciyawa da ƙirare a kan fakon. Wani sashe ya bar gara ta shiga, wani ya sa magani ya hana ta. Inda gara ta shiga, ta huda ɓawon ƙasar, ruwa ya samu hanya, tsirrai suka dawo. Inda aka hana ta, duk da an sa rufin, canjin bai taka kara ya karya ba. Can a yammacin Ostireliya ma, a busasshen yanki, wani gwaji da aka wallafa a 2011 ya nuna alkama ta ƙaru da kashi 36 cikin 100 a inda aka bar gara da tururuwa suna aikinsu.

Kowa na iya ganin wannan da idonsa. Ka samu fako a gonarka, ka zuba masa karan gero tun kaka, ka dawo bayan wata biyu ko uku. Za ka tarar gara ta lulluɓe karan da ja-jan ƙasa. Ka ɗaga ɗaya a hankali, sai ka ji ya yi sakayau, cikinsa an cinye. Ka share wurin da tafin hannu, za ka ga ƙananan ramuka birjik inda da ko fartanya ba ta kamawa. Iska kuma ta kawo ƙura da yashi da 'ya'yan ciyawa, karan ya tare su. In ruwan farko ya sauka, nan ne zai tsaya ya nutse.

Yanzu mu ga yadda ayyukanmu ke kashe waɗannan halittu ko raya su. Bari mu duba hannunmu.

Na farko, kwashe komai da sa wuta. Da an gama girbi sai mu yanke kara, mu naɗe harawa, mu kwashe ganyen gyaɗa. Abin da ya rage dabbobi su kalace. Da bazara kuma a tone tushiya, a tara da sauran shara, a ƙyasta ashana. Gonar ta yi tas, mai ita na murna ya yi sharar gona. Amma wutar nan ta tafi da naitirojin cikin hayaƙi, ta ƙone ƙwari da ƙwan tana da ke kusa da sama, tokar da ta bari kuma iska ta kwashe mafi yawanta. Ƙasa ta zauna tsirara wata biyar ko shida, rana na gasa ta, iska na ɗibarta. Ruwan farko ya zo da ƙarfi ya daki fuskarta, ta yi ɓawo. Halittar da abincinta ganye da kara ne, me za ta ci a wannan fili? Ko ta mutu, ko ta ƙaura. Gara kuwa, in ta rasa busasshe, sau da yawa kan ɗanye take komawa. Haka nan masu cinna wa daji wuta don farautar gafiya da zomo: naman da suka samu bai kai ko kusa da abin da suka ƙone ba.

Na biyu, yawan juya ƙasa. Wanda ya taɓa bin bayan garmar shanu ko tarakta a fadama ya ga yadda balbela ke sauka fari fat suna bin kunya. Tana da tsutsa da sauran ƙwarin da garma ta fito da su suke tsinta. Wasu garmar ta yanke su, wasu rana ta busar, ramukan da aka yi wata da watanni ana ginawa sun rushe a wuni ɗaya. Akwai masu cewa in an raba tana biyu kowane ɓari zai rayu. Ba haka ba ne. In an yi sa'a ɓarin kai ne kan tsira. Haro na tarakta ya fi ɓarna, domin yakan mayar da saman ƙasa gari, nauyin taraktar kuma ya danƙare na ƙasa, musamman in an shiga gona tana jiƙe. A 2017 wasu masana biyu, ɗaya daga Sifen ɗaya daga Ailan, sun haɗa gwaje-gwaje daga ƙasashe 40, suka ga cewa gonakin da ba a juya ƙasarsu sun ninka na garma yawan tana fiye da sau biyu. A nan gida ma, Farfesa Rattan Lal, wanda ya yi aiki a cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan daga 1970 zuwa 1987, ya nuna cewa inda aka bar rufin ganye aka rage kaftu, ƙasa ta fi sanyi, zaizaya ta ragu, aikin tana ya ƙaru. A 2020 aka ba shi babbar lambar yabo ta abinci ta duniya saboda aikinsa a kan ƙasa. Ban ce a jingine garma ba. A ƙasarmu mai saurin yin ɓawo, wanda ya daina huɗa alhali bai bar rufi ba, asara zai yi. Abin da nake cewa, kada a yi haro sau biyu inda sau ɗaya ya isa, kuma rage kaftu da barin rufi tare suke tafiya.

Na uku, dogaro da takin zamani shi kaɗai. Takin zamani abu ne mai amfani, ƙasarmu na buƙatarsa, musamman fosfaras da ta yi ƙaranci a yankinmu. Amma shuka yake ciyarwa kai tsaye, babu abin da tana ko gara za ta ci a cikinsa. Wasu nau'o'insa kuma, in aka daɗe ana zubawa ba takin gida, sukan sa ƙasa ta yi tsami. A Samaru ta Zariya akwai gwajin da aka fara tun 1950, wanda masana ke kira DNPK. An yanka fili kashi-kashi: wani a sa masa kashin shanu, wani takin zamani, wani a haɗa biyun, wani a bar shi haka. Da shekaru suka tura, filayen da aka yi ta zuba wa takin naitirojin zalla suka yi tsami, ruɓaɓɓen abin da ke sa ƙasa duhu da laushi ya ragu, filayen da ake haɗa wa da kashin shanu kuwa suka riƙe ƙarfinsu. A Rotamsted ta Ingila, inda ake gwaji a kan wani filin ciyawa tun 1856, sassan da suka yi tsami saboda irin wannan taki kusan babu tana a cikinsu. A Sadore kuma, kudu da Yamai, inda cibiyar ICRISAT take, aikin Dakta André Bationo da abokansa ya nuna cewa gero ya fi kyau nesa ba kusa ba in an bar karansa a gona an kuma sa taki, fiye da a yi ɗaya a bar ɗaya. Wurare uku, amsa ɗaya.

Na huɗu, feshi ba lissafi. Yau a kowace kasuwar ƙauye akwai rumfar maganin feshi, kuma sau da yawa mai sayarwa da mai saye duk ba su karanta abin da ke jikin kwalbar ba. Ana aunawa da murfi, ana ƙara kaɗan "don ya yi ƙarfi", ana haɗa kala biyu ko uku a tanki ɗaya. Magungunan ba ɗaya suke ba. Wasu magungunan ƙwari da ake barbaɗawa a ƙasa, irin su kabofuran, guba ne mai tsanani ga tana, kuma Tarayyar Turai ta daɗe da hana amfani da shi. Magungunan cutar ganye masu sinadarin tagulla sukan taru a ƙasa shekara da shekaru. Maganin ciyawa, akasarinsa bai kai waɗannan kisa kai tsaye ba, amma in ana ƙone kowane tsiro da shi daga bakin gona zuwa bakin gona, har da kan iyaka da gefen hanya, an kawar da abinci da mafakar ƙananan halittu. Maganin da ka fesa don tsutsar masara bai san tsutsa daga gizo-gizo da tururuwar da ke cin tsutsar ba.

Masu noman rani ma suna da nasu. Ruwan da ya kwanta kwana da kwanaki a fili yakan kori iska daga ƙasa, tana ta fito ko ta mutu. Inda magudanai suka toshe, gishiri da kanwa kan taso sama, su yi fari a fuskar ƙasa, kuma fatar tana ba ta jure gishiri. Gyaran magudanar ruwa aikin gayya ne da ya kamata kowace ƙungiyar manoman rani ta sa a gaba.

Yanzu wani zai ce, "Malam, ka faɗi naka, amma kara kuɗi ne." Gaskiyarsa. Da shi ake danni, da shi ake girki inda itace ya yi tsada, shi shanu ke ci da rani. Harawa kuwa wani lokaci ta kusa kamo waken kansa daraja. In ma ka bar kara a gona, ko garke ya cinye ko wani ya kwashe. Wanda ke zaune a ofis yana cewa a bar komai a gona bai san rayuwar karkara ba. Amma tsakanin kwashe duka da barin duka akwai fili mai faɗi. Harawa a kai wa dabbobi, babu laifi, muddin kashinsu zai dawo gonar da ta fito. Kara a ɗauki wanda ake buƙata, a bar tushiya da ganye da guntattaki. Wanda abin da zai bari kaɗan ne, ya tara shi a inda gonar ta fi lalacewa maimakon ya watsa ko'ina. Sharar da aka saba ƙonewa a zuba ta a rami tare da toka da kashin awaki, a riƙa yayyafa ruwa, ta ruɓe ta zama taki.

Kuma wannan ba baƙon ilimi ba ne. Karkarar da ke kewaye da birnin Kano ta yi ɗaruruwan shekaru ana noma ta kowace damina, ga yawan jama'a, amma ba ta mutu ba. Michael Mortimore, wanda ya koyar a jami'o'in Zariya da Kano, ya shafe shekaru yana nazarin dalili. Abin da ya gani shi ne abin da kakanninmu suka sani: tumaki da awaki a turke, kashinsu a gona, jakuna da mangala suna fito da takin birni, wake da gyaɗa a tsakanin gero da dawa, itatuwa a tsaye a cikin gona. Waken nan, in ka tuge shi ka duba saiwarsa, za ka ga ƙananan ƙulli-ƙulli. Gidan wasu ƙwayoyin halitta ne da ke jawo naitirojin daga iska su ba ƙasa kyauta. Sai dai takin birni na yau sai an tsince shi, domin leda da batir da fasassun kwalabe sun cika shi.

Haka dangantakar manomi da makiyayi. A da, bayan girbi, manomi da kansa ke gayyatar Bafulatani ya sauka a gonarsa, shanu su ci kara su kwana a wurin, har a ba shi dami ko kwanon hatsi. Buzuzu ya binne kashin, gara ta ja saura ƙasa, gona ta yi shekara biyu ko uku tana cin moriya. Rikicin da ya shiga tsakaninmu ya ci rayuka da dukiya, ya kuma yanke wannan hanya da taki ke bi ya koma gona. Duk wanda ke aikin sasanta manoma da makiyaya, ya sani yana yi wa ƙasa aiki.

Inda ƙasa ta riga ta mutu ma, an ga ta farfaɗo. Marigayi Yacouba Sawadogo, manomi a yankin Yatenga na Burkina Faso, ya ɗauki tsohuwar dabarar haƙa ramukan shuka ya inganta ta. Da rani ake haƙa ramin, faɗinsa kamar taƙi ɗaya da ɗoriya, zurfinsa ƙasa da haka, a tara ƙasar da aka fitar ta gefen gangare don ta tare ruwa, a zuba taki cikin tafi ɗaya ko biyu. Gara ta ji taki ta zo, ta huda gindin ramin ta ko'ina. In ruwa ya sauka, ya taru a ramin ya bi hanyoyinta ya nutse, sai a shuka gero ko dawa a ciki. Da wannan ya mayar da fako daji, har aka ba shi lambar yabo ta duniya a 2018. A ƙarshen shekarun 1980 wasu manoma daga Illela ta jihar Tawa a Nijar suka je Yatenga suka gani, suka dawo suka gyara nasu ramukan da suke kira tassa, har ta kai mutane na sayen fakon da a da ko kyauta ba a so.

A Maraɗi kuma, tun farkon shekarun 1980, aka fara abin da ake kira sassabin zamani, wanda Tony Rinaudo ɗan Ostireliya ya taimaka wajen yaɗawa. Maimakon a sassabe kowane tsiron sabara da kalgo, sai a zaɓi rassa masu ƙarfi a kututture a bar su, a datse saura. Masu bincike sun ƙiyasta cewa a kudancin Nijar itatuwa kusan miliyan 200 ne suka dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Kowane ɗaya inuwa ne, ganyensa abinci ne ga ƙasa. Gawo kuwa ba ya buƙatar a gabatar da shi ga Bahaushe: ya zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana, ya yi ganye da rani dabbobi su fake a gindinsa su bar taki. Kowa ya san geron gindin gawo daban yake.

Hukumomi ma da sauran aiki a gabansu. A 2006 shugabannin Afirka sun taru a Abuja suka sa burin kai takin zamani kilo 50 a kowace hekta. A watan Mayun 2024 suka sake taruwa a Nairobi, a wannan karon suka haɗa maganar taki da lafiyar ƙasa. Muna so mu ga wannan sauyi ya iso ƙauye. Tallafin noma kada ya tsaya a rabon buhu da kwalba. A ƙara malaman gona, a ba su abin hawa, su koya wa jama'a haɗa takin gida, da auna magani, da haƙa tassa. A sa ido a kan magungunan da ake shigowa da su. Masu unguwanni da dagatai da hakimai su tsawata a kan ƙona daji, limamai su tuna mana cewa ƙasa amana ce da za mu miƙa wa na baya.

Kai kuma ɗan'uwana manomi, ga abin da za ka iya yi ba tare da jiran kowa ba. A tsakiyar damina, lokacin da ƙasa ta sha ruwa, ka ɗauki fartanya da buhu ka kira yaranka. Ku haƙa rami taƙi ɗaya faɗi, taƙi ɗaya zurfi, a wuri uku: tsakiyar gona, gindin itace, da inda aka taɓa jibge taki. Ku baza ƙasar a kan buhu, ku ƙirga duk abin da ke motsi, ku duba launinta, ku shinshina ta. Bambancin da za ku gani ya fi duk abin da na faɗa yau ƙarfi. Sannan ka ware kunya goma kawai a gonarka. Bana kada wuta ta taɓa su, kada a tone tushiyarsu, ka ba su takin gida, ka sa wake a tsakani, ka bar tsiro biyu ko uku su zama itace. Ƙasa ba ta gyaruwa a damina ɗaya, ka ba ta uku, kana auna abin da kunyoyin nan suka ba ka da na maƙwabtansu. In ka ga riba, ka faɗaɗa, ka kuma nuna wa maƙwabcinka, domin manomi ya fi yarda da gonar ɗan'uwansa a kan maganar rediyo.

 Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu ci mu bar wa 'ya'yanmu gonakin da za su ci.